Naman Gishirin Inna

Tun da Inna ta fito daga asibiti ta daina cin abinci. Kunu ma sai ta kurɓa kaɗan ta juya kai. Ni mutum ne da ake cewa yana da haƙuri, amma a kwanakin nan ko a ajinmu na karatun manya ba na iya zama. Malam na rubutu a allo, hankalina na gida.

Wata safiya ta kira ni. "Naman gishiri nake so, da kabeji. Irin na bayan Hajji."

Muna yara a unguwar Hindawiyya, a nan Makka, Inna kan samo naman hadaya daga Mina, ta cuɗe shi da gishiri ta danne a tukunya, mu yi ta ci har watanni. Yanzu ba a samun nama haka. Na je wurin mahauci na sayi naman ƙirjin saniya, na shafe shi da gishiri da masoro da kanumfari da tafarnuwa, na sa a firiji. Naman nan ba ya son gaggawa. Kullum in buɗe in juya shi, in leƙa Inna in ga awarwaronta ya ƙara yi mata yawa, in koma in sake buɗe firijin.

Yayata ta bugo waya daga unguwar Shisha. "Kai, likita ya hana ta gishiri. Kashe ta za ka yi?"

Saboda haka da naman ya yi, na jiƙa shi. Na zubar da ruwan, na sake jiƙawa. In na tuna muryar Yaya sai in sake zubarwa.

Ranar Juma'a kowa ya zo. Na ɗora tukunya tun kafin masallaci, na dawo da sauri har na bar takalmina na sako na wani. Na kwashe kumfa, na zuba albasa da dankali da karas, kabeji a ƙarshe, manyan yanka. Na zuba wa Inna a ƙaramin faranti na kai mata gado.

Ta ɗanɗana ta ture. "Wanka ka yi masa? Wannan ai naman asibiti ne."

"Inna, don lafiyarki ne," in ji Yaya.

"Ke kuma likitar Shisha, wa ya tambaye ki?"

Na tsaya da faranti a hannu, na rasa inda zan ajiye shi. A falo babu wanda ya taɓa abinci. Sai na ɗauko babban tiren gaba ɗaya na dire a ƙasan ɗakinta, na ce a nan za mu ci, ko ba komai ta gan mu.

'Yata, wadda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, ta sa cokali mai yatsu tana ture kabeji gefe. Inna ta zuba mata ido daga kan gado.

"Ke, me kike yi haka?"

"Ma ahibb, Kaka. Ba na so."

"Ba ki iya ba ne. Ku sauko da ni."

Muka kama ta ni da Yaya, muka zaunar da ita, na tokare mata baya da matashi. Ta wanke hannu. Ta ɓare ganyen kabeji, ta yagi nama ta naɗe a ciki, ta tsoma a romo.

"Haka ake yi, baƙauyiyar Makka."

Ta kai bakinta don ta nuna mata. Ta tauna a hankali. Na kawar da kai kada ta ga ina kallo. Ta sake ɓare wani ganyen.

"Ya yi lami," ta ce. "Ko kaɗan babu gishiri. Matso min da wancan mai kitsen."

Yaya ta buɗe baki. Na taka mata ƙafa, na juya tiren.