Alƙalin Kekuna Zai Ajiye Sifana

Ƙarfe bakwai na safe yake ɗage ƙofar shagonsa, kuma a shekara arba'in da ɗaya da ya yi yana wannan aiki, ranakun da ya makara ba su cika tafin hannu ba. Zai share gaban shago, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu daga ƙarama zuwa babba, ya cika tsohon baho da ruwan neman hujin taya. Daga nan sai ya jawo bencinsa bakin titi ya zauna kallon kekunan da ke wucewa, yana yanke musu hukunci ɗaya bayan ɗaya.

"Wancan sirdinsa ya yi ƙasa, zai ci wa mai shi gwiwa. Wannan kuwa kyakkyawa ne, ya dai faɗa hannun azzalumi."

Telan da ke maƙwabtaka da shi ne ya gaji da jin shari'a tun da sassafe ya laƙaba masa Alƙali. Sunan ya bi shi, har matarsa ma in ta so tsokana da shi take kiransa.

Faci da ɗaurin birki su ne abincinsa, amma abin da ya kai sunansa nesa shi ne idonsa. Masu kekunan tsada, waɗanda ake ɗorawa a bayan mota kamar marasa lafiya, sukan tsallake manyan kantuna su zo wannan ɗan shago don su ji me zai ce. Haka ma masu tayar da tsofaffin kekuna. Ba ya rowar yabo. Idan ya ga walda mai tsabta, sai ya bi ta da ɗan yatsa yana girgiza kai, ya ce, "Wanda ya yi wannan, Allah ya yi wa hannunsa albarka. Ba ya gaggawa." Amma in ya ga aibu, ko na wane ne, sai ya faɗa.

Wani tsohon hedimasta ya taɓa kawo keken mahaifinsa, wanda ya kai wani wuri aka sabunta masa. Fenti na ɗaukar ido, ƙararrawa na walƙiya, an zana masa furanni har a kan madigadi. Alƙali ya kewaya shi sau biyu, ya ɗaga ƙafar baya ya juya feda, ya kasa kunne.

"Malam, sun yi masa kwalliya, sun bar shi da ciwonsa. Boris ɗin nan tun na zamanin Baba ne, ji yadda yake kuka. Kuma ina sirdin fatar da ya zo da shi?"

"Sun ce ya tsufa, sun jefar."

"Wannan sirdi shekara nawa ya yi yana koyon zaman mahaifinka? Shi ne keken, sauran duk ƙarfe ne."

Hedimasta bai tsaya ba, ya koma ya sa aka tono sirdin a cikin tarkace. Mako biyu Alƙali yana shafa masa mai yana ɗinke bakinsa. Ran da aka mayar da shi, hedimasta ya hau ya je ƙarshen layi ya dawo, ya sauka yana goge ido da hannun riga. Tela na wurin, shi ya ba da labari.

Amma abin da 'yan layin ba za su manta ba shi ne zancen keken 'yar wani Injiniya. Budurwa ce mai tseren keke, ta shekara uku tana shiri domin gasar da a cikinta ake zaɓen waɗanda za su ci gaba. Saura kwana huɗu mahaifinta ya sauko mata da wani keke daga mota, baƙi wuluk, siriri, wanda ba da ƙarfe aka yi gangar jikinsa ba, da wani abu ne mai kama da roba amma ya fi ta tauri. Da yatsa biyu ake ɗaga shi. Injiniya ya saye shi a hannun wani da ya ce sau uku kacal ya hau, ya kuma kawo shi ne don a daidaita sirdi, a kuma yaba.

Aka yaba kuwa. Alƙali ya wanke hannu kafin ya taɓa shi, abin da tela ya rantse bai taɓa gani ba.

"Kai, kai, kai! Dubi yadda suka ɓoye wayoyin birki a ciki. Dubi bayan nan, kamar ruwa ya zubo ya daskare. Wanda ya zana wannan ya san iska, ya kuma san ƙafar ɗan Adam."

Injiniya sai murmushi yake. Alƙali ya ciro mabuɗin shago daga aljihu ya shiga ƙwanƙwasa jikin keken a hankali, daga sirdi zuwa gaba. Ko'ina ƙara ɗaya yake bayarwa, tas, tas. Da ya iso wuyan da ke riƙe da ƙafar gaba, sai ƙarar ta mutu. Ya sake bugawa. Ya sake. Ya daɗe a tsugune, domin ya san abin da zai faɗa ba zai yi wa kowa daɗi ba.

"Ranka ya daɗe, keken nan ya taɓa faɗuwa, mummunar faɗuwa. Ya tsage ta ciki, aka shafe da fenti. Irin wannan ba ya lanƙwasa ya ba mutum gargaɗi kamar ƙarfe, karyewa yake yi gaba ɗaya. Kada yarinyar nan ta hau shi."

Fuskar Injiniya ta canza. "Baba, da mabuɗin ƙofa za ka gwada abin da na'ura ta ƙera? Ka san daga inda keken nan ya fito?"

"Na san inda zai kai ta in ta sako shi a gangara."

Injiniya ya kama keken zai mayar mota. Alƙali, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga wa mai kawo aiki murya ba, ya riƙe kan keken gam.

"Ka zage ni, ka daina zuwa shagona, duk na yarda. Amma ka kai shi inda suke da na'urar haske mai hango ciki su duba. In ƙarya nake, ni da kaina zan rufe shagon nan."

Yarinyar ce ta raba su. "Abba, mu kai a duba. Amma Baba, in ya tabbata, da me zan yi tseren? Nawa na dā ya gama yayi."

Alƙali ya ɗaga kai ya dubi rufin shago. Can sama akwai wani tsohon keken tsere na ƙarfe, shuɗi, wanda ya tsinto a wurin masu gwangwan ya shekara shida yana tayar da shi guntu-guntu. Bai taɓa bari kowa ya hau ba, har ɗan cikinsa. Ya sa tsani ya sauko da shi.

"'Yata, ya fi wancan nauyi, ba zan ɓoye miki ba. A hawa zai wahalar da ke. Amma a gangara ki sake shi, ba zai ci amanarki ba."

Kwana uku yana auna tsawon ƙafarta da hannunta, yana ɗaga wannan yana sauke wancan, tana hawa tana dawowa tana faɗa masa inda ke damunta. Ana gobe gasa sakamakon na'urar ya fito: tsagar ta kusa kewaye wuyan baƙin keken. Injiniya ya zo shagon da kansa, ya tsuguna a gaban benci, mutumin da ma'aikata ke miƙe wa tsaye.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, tashi, wandonka zai sha giris. Ai son 'yarka ne ya yi magana, ba kai ba."

Ba ta zo ta ɗaya ba. Ta huɗu ta zo, a kan keken da ya girme ta, aka kuwa ɗauki mutum biyar. Da ta dawo da shi, Alƙali ya duba tayoyin, ya ce ta cika matse birkin baya, sannan ya ce ta tafi da shi, ya zama nata.

Yanzu tsufa ya sa hannun Alƙali ya fara rawa, ƙananan kusoshi suna zille masa, 'ya'yansa kuma sun haɗa baki sun ce ya isa haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye sifana.

Alƙali, kai ne ka nuna mana cewa yabo ba ya da daraja sai a bakin wanda zai iya cewa a'a. Kai ne mai wanke hannu don girmama aikin wani maƙeri da ba ka taɓa gani ba, kai ne kuma mai riƙe kan keke a gaban mai hali ka ce ba za a hau ba. Ka duba keken ɗan dako da idon da ka duba na Injiniya. Mutane nawa ne suka isa gida lafiya saboda kai, ba su ma sani ba? Mun gode, Baba. Allah ya ba hannuwan nan hutu, ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu sana'a, kafinta ne ko makaniki ko mai ɗinki, ku koyi kallon aiki irin nasa: ku yaba abin da ya kai a yaba, ku faɗi aibu tun bai zama makoki ba.

Da tela ya gaya masa za a rubuta labarinsa mutane su karanta, sai ya ɗan sosa gemu.

"To, in dai mutane za su karanta, a ce musu su riƙa sa wa sarƙa mai. Shekara arba'in ina faɗa, ba wanda ya ji."

To, ga shi mun faɗa, Alƙali. Wannan karon a rubuce.