Kawu ya ƙwanƙwasa kwamfuta

Jiya a wani shago a Funtua ina zaɓen ƙaramar kwamfutar haɗa kiɗa, sai Kawu Sale, makaɗin kalangu da ya rako ni daga Tsiga, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya kara kunne.

Ya ce, "Ɗan nan, wannan ba ta da ciki. Ina sautin zai zauna?"

Na ce, "Kawu, ganga ɗari ke cikinta."

Na kunna manhajar kiɗan da ke cikinta don in kunyata shi. Ta yi ta juyi ta ƙi buɗewa, ta tsaya cak.

Kawu ya ce, "Shekara arba'in ina kiɗa, kalanguna bai taɓa cewa in jira shi ba."

Na koma gida hannu rabbana, shi kuwa ya wuce kiɗan biki Malumfashi. Jama'a, wane ne baƙauyen a cikinmu?