Rijiyar da Na Rubuta Cewa Tana Isar Kowa

Talata: Damagaram zuwa Belbeji

Ƙarfe biyar da rabi na bar gida, gari bai waye ba. Ni malamin ilimin zamantakewa ne a jami'a. Shekara uku da suka wuce gwamnati ta ba ni tallafin bincike a kan yadda manoma da makiyaya ke raba ruwa a kwarin Tarka, bisa sharaɗin in fitar da maƙala uku cikin shekara biyu. Na fitar da huɗu, aka ƙara mani girma. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, kwana huɗu kacal na yi a can, kuma cikin damina, don kuɗin sun fito a makare, wa'adi kuma ya matso. Yanzu da nake neman tallafi na biyu, aka ce sai na koma na karanta wa mutanen abin da na gano.

Motarmu ta tashi shida da minti ashirin, jika huɗu kujera, wato sefa dubu huɗu. Jandarmomi suka duba katinmu a bakin gari. Ƙarfe takwas muka tsaya Bakin Birji, ƙasar Ollelewa, muka sha shayi da burodi.

"Malam, aikin me ake?" in ji direba.

"Bincike."

"Na ƴan sanda?"

"A'a, na rubutu."

"To wa ke karantawa?"

Na yi dariya na ce babu kowa. Haka na ɗauka da gaske.

Na sauka Sabon Kafi, na jira motar kasuwa har ƙarfe ɗaya. Ita ta kai mu Belbeji da la'asar, ni da buhunan hatsi da awaki biyu. Na sauka gidan Mushe Issufu (haka ake kiran malaman boko a nan), daraktan lakwal, wato shugaban makaranta, tsohon abokin karatuna.

Laraba: ƙauyen

Ba zan faɗi sunansa ba. Awa ɗaya da rabi ne a babur ɗin kabu-kabu, cikin rairayi. Tun daga nesa na hango rijiyar. Shanu da raƙuma sun kewaye ta, jarkoki a jere har gindin wata aduwa. Jaki na jan igiya, ya yi nisa ƙwarai kafin wasaki, babban gugan fata, ya fito, rabinsa laka.

Maigari, dattijo mai raunin gani, ya tara mutane a rumfarsa. Na buɗe takarda ina fassarawa. Da na kai inda na ce rijiyarsu tana isar mutane da dabbobi duk shekara, sai ya ɗaga hannu.

"Dakata, Malam. Mun taɓa jin wannan magana. Bara masu haƙa foraj, rijiyar burtsatse, sun zo, muna cikin jerin waɗanda za a yi wa. Daga baya aka cire mu. Da na bi sawu, aka ce wani babban malami na jami'a ya rubuta ba mu da matsalar ruwa. Mun daɗe muna son ganin malamin nan. Ka san shi?"

Na dubi takardar. Sunana na sama, babu mai iya karanta shi a rumfar. Ina iya cewa ban san shi ba.

"Ranka ya daɗe, ni ne."

Can wata tsohuwa, Inna Hadiza, wadda ita na yi wa tambayoyi wancan zuwan, ta ce, "Na gane ka, ɗana. Da damina ka zo, tabki cike, dabbobi sun yi arewa. Ka ce akwai ruwa, muka ce akwai. Ba ka tambaye mu bazara ba. Jikata tun asuba take layi, ta bar lakwal saboda haka."

Na so a zage ni. Maimakon haka Maigari ya sa aka kawo mani fura, an dama ta da ruwan nan da ake kwana ana nema. Na sha kaina a sunkuye.

Alhamis zuwa Lahadi

Da niyyar juyawa ran nan na zo, sai na zauna a zauren Maigari. Kullum ina bakin rijiya daga fitowar rana har azahar, ina rubuta wanda ya samu da wanda ya koma da jarka wayam. Na ga makiyayi da manomi sun kusa dambe a kan komin shayar da dabbobi. Ni kuwa a maƙalata na rubuta cewa rigima ta ƙare a nan.

Litinin: Tanut

Na isa ofishin masu foraj ƙarfe goma sha ɗaya. Jami'in ya saurare ni har na gama.

"An rufe jerin, Malam. In kana so a duba su zagaye na gaba, ka rubuta da hannunka cewa bincikenka kuskure ne. Amma ka sani, kwafi zai je wurin waɗanda suka ba ka tallafi."

Na daɗe riƙe da biro. Na tuna tallafi na biyu, na tuna abokan aiki da za su ji. Sannan na rubuta shafi biyu, na sa hannu.

Talata: gida

Mun bar Tanut bakwai na safe, kusan kilomita ɗari da hamsin, na shiga gida kafin azahar. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Mushe Issufu, da Inna Hadiza, da Maigari da ya rako ni har bakin hanya yana dogara sanda, bai ƙara tayar da maganar ba.

Har yau ba a haƙa masu foraj ba. Maƙalar kuwa tana nan cikin takardun da aka ƙara mani girma da su. Na tambayi shugaban sashenmu yadda ake cire ta, ya ce bai taɓa jin wanda ya nemi haka ba.