Guntuwar Sifana da Hannun Aro

Ni na laƙaba masa Baba Ɗigo, kuma har yau bai yafe min ba, ko da yake in ka kira shi da sunan zai waiwayo. Gidan haya ɗaya muke, ƙofata na kallon tasa, igiyar shanya ɗaya ta haɗa mu. Ni facin taya nake yi a bakin titin da ke gangarawa kogi. Shi kuwa makanikin jirgin fito ne, babban nan na ƙarfe mai ƙetarar da mutane da babura da buhuna zuwa wancan gaɓar.

Ga inda sunan ya samo asali. A tawa sana'ar, in na bar ko ƙofar allura iska na fita, mai babur zai dawo ya zage ni har kakata. Shi kuma biyansa ake yi don ya bar ruwa yana shiga jirgi. Na ɗauka zolayata yake, sai da ya ja ni wata rana ya nuna min. Can ƙasan jirgin, bayan inji, akwai doguwar sandar ƙarfe da ta huda gindin jirgin ta fita, ita ke juya farfela a cikin ruwa. Daidai inda ta huda an naɗa mata igiya mai maiƙo, aka kawo ƙaton noti na tagulla aka matse igiyar, aka bi shi da wani siririn noti mai riƙe shi kada ya warware. In ka sassauta da yawa, ruwa ya cika jirgi. In ka matse da yawa, igiyar ta ƙone ta ci sandar. Sai dai a bar shi yana ɗiga, ɗis, can an jima ɗis, ruwan na sanyaya wurin.

Na ce, "Wato Baba, gyaran naka shi ne a bar abu a lalace kaɗan."

Ya ce, "Kai mai gyarawa duka, me ya sa kullum masu babur suke dawowa?"

Tun yana saurayi yake cikin jirgin nan. Da kwasar ruwa ya fara, da bokiti, zamanin mahaifin mai jirgin na yanzu. A cikinsa ya koyi inji, da abin da ya samu a cikinsa ya yi aure, ya aurar da 'ya'yansa mata gaba ɗaya. Ba ya iya karanta lambar da ke jikin sifana, ƙarfen ɗaure noti, sai ya nisanta ta da ido, amma ya ɗora tafinsa a kan notin nan ya gaya maka yau lafiyarsa lau ko zazzaɓi yake ji. Na sha ganin direban jirgi, ƙato da gemu, ya tsaya shiru kamar ɗan makaranta yana jiran tafin Baba ya yanke hukunci.

Matarsa, Gwaggo, guga take yi wa mutane a tsakar gida. Ita da ruwan kogi ba sa ga maciji. Duk tsawon zamansu ba ta taɓa sa ƙafa a jirgin ba. Lokacin da babbar 'yarsu ta haihu a ƙetare, mota ta shiga ta yi zagaye ta gada, ta isa bayan har an yi wa jariri wanka an shafa masa hoda. Nakan ce mata, "Gwaggo, ko a kwanon wanka ma da rigar ceto kike shiga?" Sai ta ɗaga dutsen guga ta ce in matso ta gyara min bakina ya miƙe.

To bara abu ya faru. Baba ya sa sabuwar igiya, ya matse, ya taɓa ya ce sanyi ƙalau. Jirgi ya kai tsakiyar kogi cike da 'yan kasuwa, sai hayaƙi ya taso daga ƙasa. Direba ya kashe inji, ruwa ya yi ta jan su har sai da ƙananan jirage suka zo suka jawo su. Ba wanda ya ji ciwo, amma sandar ta ci, dole aka cire ta aka kai gyara. Mai jirgi bai yi faɗa ba, don Baba ya goye shi yana yaro. Ya dai ce, "Baba, in an dawo da sandar kai za ka ɗaura. Amma in ta sake zafi, ka yi haƙuri, rayukan mutane ne. Sai ka huta in nemo wani."

Ni na fara gano abin da ke faruwa, ba don wayo ba. Da safe ina wanke baki na gan shi ya ɗauke wa Gwaggo dutsen guga daga hanya, ya riƙe shi ta ciki, ta wajen zafin, ya ajiye a hankali kamar wanda ya ɗauki takalmi. Na buɗe baki zan ce yau Baba ya fara tsafi, sai na ga Gwaggo ta kama hannun ta juya shi. Tafin ya tashi fari, shi kuma yana kallonsa kamar na wani. Ranar dai ban yi tsokana ba. Da suka je asibiti, likita ya ce ciwon suga ne ya taɓa jijiyoyi. Ƙarfi na nan yadda yake, ji ne ya tafi.

Ana gobe za a ɗaura sandar, ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ya zazzage jakar kayan aikinsa. Na jawo kujera, don ni in ana abu ba a kira ni ba, nan na fi zama.

Ya ɗauki sifana mai haƙora, irin ta masu gyaran famfo, ya ture gefe. Na ce ai ita ta fi kamawa. Ya ce tagulla taushi gare ta, haƙoran nan za su cinye kusurwar noti, gaba ba abin da zai sake kama shi. Ya ɗauki wadda ake murza bakinta ya buɗe ko ya tsuke, ya girgiza ta a kunne, ta yi ƙwal-ƙwal. Ya ce wannan irinka ce, Mai Faci, bakinta ba ya tsayawa wuri ɗaya. Guduma da guntun ƙarfen da wasu ke dukan noti da su kuwa ko kallonsu bai yi ba. Ya ware 'yar ƙugiya ta zaro tsohuwar igiya, da wuƙa mai kaifi, da gwangwanin giris. Sannan ya fito da tsofaffin sifanarsa biyu masu faɗin baki, waɗanda ya goge da kansa tun da daɗewa har suka yi siriri, don ɗaya ta riƙe ƙaton noti, ɗaya ta shiga ta kama siririn. Dogaye ne, kowace ta kai kamu guda. Ya jima yana juya sifanar ƙaton notin a hannu.

"Ɗauko zarton ƙarfenka," ya ce.

"Me za a yanka?"

"Wannan. Ka bar min daidai tafin hannu."

Na ce, "Baba, mutane na ƙara wa sifana bututu don ta yi tsawo, kai kuma gundule ta za ka yi? Ko ka fara raba gado tun da ranka?"

Ya ce, "Da can in na ja, hannu ke ce min ya isa. Yanzu ya yi shiru. Da dogon hannu zan murƙushe igiyar ban sani ba. In ta gajarta, ko na sa ƙarfina duka ba zan wuce kima ba."

Na dube shi. Mutum ya zauna ya auna inda jikinsa zai ci amanarsa, ya sa a yanke ƙarfe daidai wurin. Na yanka ina jin kamar yatsansa nake yankawa, shi ko a jikinsa, har cewa yake in daidaita zarto, na karkace.

Saura zafi. Sifana ba ta jin zafi. Na miƙa masa hannuna na ce ga aro, kyauta. Ya kama ya juya shi kamar yadda ya yi wa mai haƙora, ya danna tafin da farce.

"Ka ji?"

"Me?"

"Wannan ba hannu ba ne, taya ce. Ƙarfen facinka ya gama da shi. Direba kuma yana sama a kan sitiyari, yaran jirgi kuwa komai ka tambaye su sai su ce da zafi don kada a ce su ne."

Gwaggo na gefe tana guga, ba ta ko kallonmu. Na ga ta kai bayan hannunta kusa da dutsen, ta ajiye rigar makaranta mai kauri ta jawo wani mayafi mai santsi, saboda ta ji zafin ya sauka daidai na mayafin. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, wane irin zafi ake nema?"

Ya ce, "Ke kuma ina ruwanki?"

"Tambaya na yi."

"Ɗumi. Wanda za ki bar hannu a kai ba ki ɗauke ba."

"Na goshin yaro mai lafiya, ko na wanda ya fara zazzaɓi?"

Baba ya juyo ya dube ta, ya ce, "Mai lafiya. Wanda ya yi wasa a rana."

Ta ninke mayafin ta ce, "To gobe ka tashe ni."

Washegari da hantsi muka gangara. Katakon da ake bi a hau jirgin bai fi faɗin kafaɗata ba, ruwa na wucewa a ƙarƙashi. Gwaggo ta tsaya cak a bakinsa. Na ce, "Gwaggo, in goya ki?" Ta ce, "Ka goya uwar tayarka." Ta runtse ido, ta kama bayan rigar mijinta, ya ja ta a hankali yana cewa taka, taka, saura kaɗan. Masu dako suka ajiye buhuna suna kallo, ba wanda ya yi dariya, har ni.

Ƙasan jirgin wuri ne matsattse, warin man inji da tsatsa, sai ka durƙusa. An riga an zura sandar a wurinta, saura igiya da noti. Ni ke riƙe da tocila. Kafin komai Baba ya sa ta cire awarwaro da zobe, ta tusa bakin ɗankwali, ta ɗaure zani tamau, ya ce sandar in tana juyawa ba ta san matar kowa ba. Ya yanka igiyar zobe-zobe, ya shafa giris, ya tura ɗaya bayan ɗaya, mahaɗar kowane na kallon wani gefe dabam. Ruwa na tsartuwa ta gefen sandar yana jiƙa mata gwiwa. Na ji tana karanta addu'a ƙasa-ƙasa, amma ba ta ja da baya ba. Ya murza ƙaton noti, ya bi da guntuwar sifana, tsartuwar ta koma ɗigo. Ya buga ƙarfen jirgin, direba ya ta da inji ya sa giya.

Aka bar sandar ta yi ta juyawa. Ya sake bugawa, direba ya cire giya. Sai da ta tsaya cak ya kama wuyan hannun Gwaggo ya ɗora tafinta a kan tagullar.

"Zazzaɓi," ta ce. "Bai yi tsanani ba, amma ni da ɗana ne da na jiƙa tsumma."

Ya sassauta ɗan kaɗan, abin da ni ban ma ga ya motsa ba. Aka sake. Wannan karon an daɗe, inji ya ƙara murya, jirgin ya fara wani lilo. Na gane direba ya kwance igiyar da ta ɗaure jirgin a gaɓa ya fita da mu, don ba a sanin gaskiyar notin sai jirgi na ture ruwa. Na dubi Baba, ya harare ni, na haɗiye maganata. Aka cire giya, ta ɗora hannu.

"Ta nan gefen ya fi ta can."

Ya ɗan taɓa notin da sifana, aka sake komawa. A karo na gaba ta bar tafinta a kai ta daɗe, ido rufe, kai a karkace, yadda take yi in jikanta ya kwana da tari. Shi kuma ya kafa wa ƙasan notin ido a hasken tocila. Ɗigo ya taru, ya yi nauyi, ya faɗi. Muka jira. Wani ya taru.

"Lafiyarsa lau," ta ce. "Wasa kawai ya yi."

Baba ya riƙe ƙaton noti da guntuwar, ya ɗaure siririn a bayansa da doguwar. Hannunsa bai ji komai ba, amma na ga kafaɗunsa sun sauka.

Mai jirgi ya sauko da kansa, ya taɓa, ya tsuguna ya kalli ɗigon. Ya ce, "Baba, aikinka na nan. Amma da sharaɗi, ku biyu na ɗauka."

Gwaggo ta ce, "To ka ƙara wa katakon can faɗi, ka sa masa abin riƙewa. Kuma ban da ranar da nake da kayan makaranta."

Ya ce an gama.

Da muka taka ƙasa bakina ya dawo. Na ce, "Gwaggo, albishirinki. Kin san har tsakiyar kogi muka kai ki muka dawo?"

Tana mayar da awarwaronta ta ce, "Na sani tun da aka kwance igiya. Hannun Malam ne ya daina ji, ba ƙafata ba."

"To me ya hana ki magana?"

"In na yi magana ya ce a juya, wa zai taɓa masa?"

Ta karɓi jakar kayan aikin daga hannuna, ta ce ban iya riƙewa ba, ina jan ta a ƙasa. Ta wuce gaba, zaninta jiƙe har gwiwa, Baba na biye da ita yana tambaya ko ta kashe dutsen guga kafin mu fito.