Kwamfutocin da Yaya Lawal Ya Tayar, da Mutanen da Suka Kira Shi Ɓarawo

Shekara biyar ke nan da aka kai Yaya Lawal makwancinsa a Tsaskiya. A tsawon shekarun nan na karɓi gaisuwa daga mutane da yawa, na amsa da amin yadda ya kamata, na haɗiye sauran maganar. Bana na gaji da haɗiyewa. Wanda ya buɗe wannan shafi yana neman kalamai masu sanyi irin na ta'aziyya, ya yi haƙuri, ba su na zo da su ba.

Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ina koyar da lissafi a wata sakandare cikin ƙasar Safana. Shi kuma shago gare shi a Batsari, kusa da tasha. Da gyaran rediyo ya fara, daga baya ya koma kan kwamfuta: buga takardu, cike wa mutane fom a intanet, gyaran duk abin da aka ɗauko masa a buhu. Bai taka ƙofar jami'a ba. Turancinsa na karatu ne, in ya zo magana da shi sai harshensa ya yi nauyi. Amma in ya kwance bayan na'ura ya sa tabarau, to ko abinci aka kawo sai ya huce.

Makarantarmu tana da kwamfutoci ashirin da wata ƙungiya ta ba mu tun da daɗewa. Tsofaffi ne, masu ƙaton gilashi da ƙugi kamar injin markaɗe, amma suna aiki. Shekara biyu kafin rasuwar Yaya, sai shafukan intanet suka fara ƙin buɗewa a kansu ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda bai saba ba, ga yadda abin yake. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, a kanta ake ɗora burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Masu ƙera burauza sun daina fitar da sabuwa don irin tsohuwar babbar manhajarmu, shafukan zamani kuma ba su yarda da tsohuwar burauza ba. Ita sabuwar babbar manhajar ta fi ƙarfin na'urorinmu. Wasu mutane a wata ƙasa da ba su taɓa jin sunan Safana ba sun zauna sun yanke cewa kayanmu sun tsufa, shi ke nan.

Abin ya same mu a mugun lokaci. Saura kwana tara a rufe shafin da ake ɗora sunayen ɗaliban ajin ƙarshe don jarabawar fita. Wanda sunansa bai hau ba, shekararsa ta tafi. Mafita ɗaya ita ce a kwashi takardu da hotuna a yi ta zirga-zirga zuwa Katsina, kuma kowa ya san halin da hanya take ciki a lokacin saboda 'yan bindiga. Mutum kan fita da safe iyalinsa su wuni da waya a hannu. Ga kuma jarabawar shiga jami'a da ake yi a kan kwamfuta, yawancin yaranmu ba su taɓa riƙe linzami ba, wato ɗan abin da ake ja a kan tebur ana danna kwamfuta da shi, shafin gwajin ma ya ƙi buɗewa.

Ni na ba Firinsifal shawarar a kira Yaya. Ya zo a kan babur da jakar kayan aikinsa, ya yi kwana huɗu yana zuwa da hantsi yana komawa kafin la'asar. Abin da ya fara ganowa ya ba mu dariya: ɗan batirin da ke riƙe agogon kowace na'ura, mai kama da kwabo, ya mutu, don haka kwamfutocin suna ganin har yanzu muna shekarun baya can, shafukan kuwa ba sa yarda da na'urar da ba ta san ranar da take ba. Ya canza batiran. Ya ciro ƙwaƙwalwa daga guda shida da suka lalace gaba ɗaya ya ƙara wa masu rai. Sannan ya fito da filash ɗinsa, 'yar ma'ajiyar bayanai da ake sokawa a jikin kwamfuta. A cikinta akwai wata burauza da wasu masu sa kai suka sake ginawa daga wadda aka bar wa kowa ya duba ya gyara, suka daidaita ta don ta hau tsofaffin na'urori. Ya ce makonni ya yi yana karanta muhawararsu a waya, da ƙamus a gefe, kafin ya yarda ya gwada ta a shagonsa.

Ranar Laraba da azahar shafin ya buɗe. Kafin Asabar sunan kowane ɗalibi ya hau, ba wanda ya taka hanyar Katsina. Kwamfuta goma sha huɗu suka tashi, muka raba yara rukuni-rukuni suna gwajin jarabawa. Ban manta wata ɗalibata da ta ɗaga linzami sama tana kaɗa shi a iska ba, Yaya ya kama tebur ya nuna mata inda ake ajiye shi ba tare da ya yi ko murmushin da zai kunyata ta ba.

Bai ɓoye wa kowa aibin abin ba. Da hannunsa ya rubuta a kwali ya liƙa a bango cewa kada wanda ya shiga asusun banki a ɗakin nan, domin tsohuwar babbar manhaja ba a ƙara toshe mata ɓaraka, sabuwar burauza ba za ta rufe komai ba. Ya ce da Firinsifal dabara ce ta jiran sababbi, ba madadinsu ba.

Mako biyu da fara gwajin sai ga wani babban ma'aikaci daga ofishin da ke kula da kayan makarantu. Ba zan faɗi sunansa ba, zan kira shi Jami'i. Ashe tun kafin nan ya rubuta rahoto cewa kwamfutocinmu ashirin duk sun mutu, a kwashe su. Ya shigo ya tarar da goma sha huɗu a kunne, yara a gabansu. Da wani ne ya ga haka, da ya yi murna ya gyara rahotonsa. Shi sai ya sa aka kira Yaya daga Batsari, aka tara mu a ɗakin malamai.

"Wa ya ba ka izinin taɓa kayan hukuma?"

"Ranka shi daɗe, Firinsifal ne ya aiko mani."

Firinsifal ya duƙar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Abin da ka sa ba daga kamfani ya fito ba," in ji Jami'i. "Bairos ne, cutar kwamfuta. Da irinsa ake satar bayanan mutane. Ina takardar shaidarka ta wannan aiki?"

"Ba ni da takarda. Amma a kawo duk wanda aka yarda da shi ya duba, in ya samu wani abu a ɗaure ni."

"Ɓarawo ai ba ya cewa shi ɓarawo ne."

Ina zaune a kujera ta uku daga ƙofa. Na san gaskiyar komai, a gabana aka yi shi. Ban buɗe baki ba. A lokacin canjin wurin aiki shi ne bulalar da ake dukan malami da ita, kuma akwai ƙauyukan bakin daji da aka san wanda aka tura can an hukunta shi ne. Ina da goyo. Na tuna wannan, na dubi ƙasa kamar yadda Firinsifal ya yi. Yaya ya ɗauki jakarsa, ya yi wa kowa sallama har da Jami'i, ya fita.

Da a ce Jami'i ya ce tsofaffin na'urori suna da haɗari, da na ce ya yi gaskiya, kwalin Yaya ma abin da ya faɗa ke nan. Bai faɗi haka ba. Bai kawo kowa ya duba ba. Bayan kwana uku akori-kura ta zo aka loda ashirin ɗin duka, masu rai da matattu, aka ce sababbi suna hanya. Wani malaminmu ya ce ya ga irin gilasansu a wurin 'yan gwangwan. Ni ban gani da idona ba, don haka ba zan rantse ba. Abin da na gani shi ne ɗakin ya zauna wayam shekara huɗu, yaranmu suna zuwa jarabawa suna zama gaban abin da ba su taɓa dannawa ba. Nawa ne suka faɗi don rashin sani, nawa don rashin sabo da na'urar, Allah kaɗai ya sani.

Kalmar nan kuwa ba ta tsaya a ɗakin malamai ba. Kafin ranar kasuwa ta zagayo ta isa Batsari. Mai neman aiki da zai kawo takardunsa a cike masa fom sai a ja masa kunne: "Kul, wurin mai bairos za ka?" Mutanen da ya yi wa aiki shekara da shekaru suka koma tsallaka titi da fayil a hamata. Su ma ban yafe musu ba, don ba wanda a cikinsu ya taɓa rasa ko tsinke a hannunsa. Bayan wata bakwai ya rufe shagon, ya kwashe matarsa Rabi da yara ya koma gida Tsaskiya, ya kama noman gero da gyaɗa a gonar mahaifinmu. Damina ta biyu zazzaɓi mai zafi ya kama shi, ya yi kwana shida ya cika. Ba na cewa wani ya kashe shi. Ajali ne, na yi imani da haka. Amma shekarunsa biyu na ƙarshe ba ajali ya ƙwace masa su ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Sababbin da aka yi alkawari sun iso daga ƙarshe, guda goma sha biyu, kuma ba sababbi ba ne, kwance ne da wasu suka gama yayinsu a waje aka goge aka sa a kwali. Ba su cika shekara ba suka fara fito da gargaɗin cewa burauzarsu ba za ta ƙara samun sabuntawa ba. Na tabbata dariya zai fara yi, irin tasa da ba ta da sauti, sannan ya tambayi ko akwai mai a janareta. Zai kuma yi takaicin wayoyi masu lafiya da ake jefawa ƙasan akwati don kawai wata manhaja ta ce ta daina hawa kansu. Shi a wurinsa zubar da abu mai aiki almubazzaranci ne, ko wane ne ya ba da umarnin.

A zangon da ya wuce, tsofaffin ɗalibanmu, waɗanda ya ɗora sunayensu a wancan makon, suka matsa aka sa wa ɗakin kwamfuta sunansa. Su kam na gode musu, da zuciya ɗaya suka yi. Sai dai ranar taron, wanda aka miƙa wa abin magana a matsayin babban baƙo shi ne Jami'i. Ya yi ritaya, yanzu ƙuri'a yake nema. Ya tsaya gaban allon da ke ɗauke da sunan ɗan'uwana ya ce tun ranar farko ya gane basirar marigayi, ya ce irinsu ne abin alfaharin yankinmu. Aka tafa. Tsofaffin malaman da suka zauna tare da ni a ɗakin malamai ranar da ya kira shi ɓarawo, su ma suka tafa.

Da aka tashi ya nufo inda muke zaune da Rabi.

"Malama, Allah shi jiƙan abokina."

"Amin, Alhaji. Amma ba abokinka ba ne. Ɓarawo ka kira shi, ina wurin."

Ya waiga ya ga akwai masu ji. "Haba Malama, ai wannan ya wuce."

"Gare ka ya wuce. Tambayi matarshi, ga ta nan."

Rabi ta ja mayafinta ta kafe shi da ido har ya juya. Ba zan yi wa kaina kirari ba. Maganar da ta dace a faɗa shekara bakwai baya, lokacin da take da tsada, na faɗe ta ne ranar da ba abin da zai same ni.

To me ya rage na Yaya Lawal? Allon ƙofa fenti ne, damina uku ta ishe shi. Abin da na ga ya rage ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi ƙwari. Duk Asabar nakan shiga ɗakin nan in bi sha biyun ɗaya bayan ɗaya da abin da na koya ina tsaye bayansa, kuma zuwa yau goma suna buɗe shafin gwaji. Akwai masu shaguna biyu a Batsari da suke tayar da tsofaffin na'urori ta hanyarsa, ɗaya daga cikinsu yana cikin masu yaɗa maganar bairos a da. Akwai malamai da ma'aikatan jinya a ƙasar nan da shekararsu ba ta salwanta ba saboda kwana huɗun da ya yi a makarantarmu. Yana da nasa aibin, kuma shi ne ya fi ba ni haushi: bai iya kare kansa ba, yana ganin gaskiya za ta yi masa magana.

Kwana biyu kafin ya cika ya ce da Rabi ta shaida ya yafe wa kowa, ya ambaci Jami'i, ya ambaci Firinsifal. Ni bai ambace ni ba, kuma har yau ban san ko don bai taɓa riƙe ni ba ne, ko don ya kasa yafe mani. Yafiyarsa tasa ce, ya tafi da ita gaban Ubangijinsa, Allah Ya haskaka masa kabarinsa da ita. Tawa ba ta zo ba tukuna, ga Jami'i ko ga kaina.