Dattijon da Ke Kasa Kunne ga 'Yan Amshi

A shagon faifan waƙa, wani dattijo mai farin tabarau yana zaune, mai shago na kunna masa kundi bayan kundi. Na soyayya, a cewarsa, zaƙi ya yi yawa. Na gambara surutu ne. Na Turawa ba gishiri.

Ban yarda waƙa ta kawo shi ba. Mawaƙi na rerawa yana kallon titi, amma da mata 'yan amshi sun shigo sai ya manna kunne jikin lasifika. Wata yake nema, ko don ya lallashe ta, ko don ya damƙe ta.

"Baba, lafiya dai?" in ji mai shago.

"Maimaita wurin nan. A ina aka ɗauki wannan?"