Ranar da Baba Ya Tafi Amsa Kiran Majalisar Dattawa

Zandam

Da asubar wata Laraba, a daminar da soja ke shirin miƙa mulki, Inna ta buga mini ƙofa. Baba bai dawo daga masallaci ba, kuma babu sandarsa, babu jakarsa. Mutum ne da ya haura tamanin, ido ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai a hankali. Kwana uku yana manne da rediyo yana jin za a kafa Majalisar Dattawa a Ikko. Ni kuwa, malamin gona mai ilimi, ina ta rabon taki, ban tambaye shi abin da ya fahimta ba. Ƙarfe shida saura kwata na hau keke, na bi sawunsa.

Gwaram

Bakwai da rabi na isa tasha, laka har gwiwa. Ɗan kamasho bai ma bari na gama kwatance ba.

"Tsoho mai jar dara? A kan jaki aka kawo shi. Motar farko ya hau zuwa Birnin Kudu, ya ce gwamnati ke kiransa."

Na bar keken wajen mai faci, na kurɓi koko a tsaye, na maƙale a bayan a-kori-kura tsakanin buhunan gero da wata akuya da ba ta yarda da ni ba.

Kangire

Wajen ƙarfe goma muka tsaya a shingen 'yan sanda. Na tambayi kofur. Ya tuntsire da dariya, ya ce wani tsoho ya miƙa masa takardar haraji ba a tambaye shi ba, wai kada a ce ya zo da laifi. Ni ban yi dariya ba. Tsorona kada ya sami motar Kano, daga nan sai dai a nemi labari.

Birnin Kudu

Sha ɗaya da kwata na hango jar darar nan a gindin darbejiya, gaban ofishin ƙaramar hukuma. Baba ne. Yana zaune da Malam Sule, tsohon malamin makaranta mai rubuta wa mutane wasiƙa, suna cin goro.

"Baba, me ya kawo ka nan?"

"An ce dattawa za su tafi Ikko. Wa ya girme ni a Zandam? Gara in kawo kaina da a turo a ɗauke ni a gaban jikokina."

Malam Sule ya ce, "Baba, kuskurenka mai asali ne. Rumawan zamanin da suna da majalisar shugabannin gidaje, kuma da harshensu tsoho shi ne seneks. Daga nan Turawa suka sami sunan majalisarsu ta sama, har muka sami sanata. Masu fassararmu suka duba tushen, suka ce dattawa. Amma yanzu ƙuri'a ke kai mutum, ba furfura ba."

Ya nuna masa hoton wani ɗan takara a bango. Baba ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa takardar.

"Wannan ne dattijon? Ai ko gemunsa bai gama haɗuwa ba." Ya koma ya zauna. "Ita ma kalmar dattijo tamu ce. Kakata da Fillanci take cewa ndottiijo, kuma ba ta faɗa wa kowane tsoho, sai mai kama bakinsa. To, Malam, ba a nemana?"

"Ko kaɗan, Baba."

Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce a sayo masa tuwo, tun jiya bai ci komai ba.

Gida

Ƙarfe biyu muka kamo hanya, ya yi barci a kafaɗata har Gwaram. Ana kiran magariba muka shiga Zandam. Inna ta karɓi jakar ta zazzage a tabarma: carbi, ƙullin goro, da farin ƙyalle a naɗe. Likkafaninsa ne. Sai a lokacin na gane bai yi zaton zai dawo ba, hawaye suka zubo mini.

Baba ya ce wa Inna, "Mayar da shi akwati, Hajara. Sunan kawai suka ara, mu sun bar mu a gida."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo mana da shi, Malam Sule kuma Allah ya saka masa da alheri.